Maɗin da Na Ƙi Ɗanɗanawa

Litinin, 17 ga Maris, 1884, da hantsi

Likita Amsden ne ya ce in riƙa rubutawa: abin da na ci, da abin da ciki ya ce bayan na ci. To ga shi ina yi, a kan murfin ganga, a bukkar dahuwa, da fensirin da nake yi wa katako alama.

Ba ni na kira shi ba, matata Almira ce ta aika. Ya same ni ina huda bishiyoyin sukari na bayan gida, waɗanda ake kafa wa bututu a tari ruwansu a dafa ya zama maɗi, dusar ƙanƙara har gwiwa, ya tsaya daga hanya yana ƙwala mini kira don kada takalminsa ya jiƙe. Na fito da harshe ya duba. Ya danna mini yatsa ƙarƙashin haƙarƙari, sai da na yi tsalle.

“Ka ji ko? Tun yaushe?”

“Kwanan nan.”

“Almira ta ce tun Janairu.”

“To tunda ta faɗa maka, me ya sa kake tambayata?”

Ya ce cikina ba shi da laifi, ni ne mai laifi. Wai ciki ma ɗan ƙwadago ne. Ina ɗora masa naman alade a tsaye, in haɗiye ba tauna, in koma ɗaukar bokiti, jinin da ya kamata ya je ya dafa abinci sai ya tafi hannu da ƙafa, ciki ya zauna da aikinsa ba mataimaki. Abincin ya ruɓe a can, ya yi tsami, ya taso. Haka ya faɗa, ni ban leƙa na gani ba.

Daga nan ya shiga jero mini. Ba gahawa, ba taba, ba alade, ba abin da aka soya, ba burodi mai zafi sai wanda ya kwana. Madara da ruwan alli, da wani farin gari a bakin wuƙa kafin cin abinci. Tsumman ulu a ɗaure a ciki. Kowace loma in tauna ta har ta zama ruwa. Zaƙi kuwa, ko a bakin cokali.

Na ce, “Likita, a gonar sukari fa kake tsaye.”

Ya ce, “Ai ina gani. Saura ɗaya, kuma ita ce babba. Za ka zauna a tebur, awa guda, ka ci da iyalinka ana hira mai daɗi, sannan ka kishingiɗa. Hira a kan abinci ta fi garin nan aiki.”

Da ya faɗi wannan, gidan ya kalla, bai kalle ni ba. Na ce masa ruwan bishiya zai zuba gobe.

Talata, 18 ga Maris, da la’asar

Madara da alli. Burodin shekaranjiya. A tsaye.

Ciki: ƙwarnafi, gyatsa mai tsami.

Dare ya daskare, rana ta saki, bishiyoyi na ta ɗiga a bokiti. Ruwan bishiya ba ya jiran mai ciwon ciki. Likitan nan ko gonar kabeji bai taɓa riƙewa ba.

Alhamis, 20 ga Maris, da almuru

Dahuwar farko. Isidore, maƙwabcinmu ɗan Kanada, yana jawo ruwa da shanu a amalanken ƙanƙara, ni ina wuta. Na rataye fatar alade bisa kasko yadda aka saba, don in kumfa ta taso ta taɓa kitse ta kwanta. Isidore ya tsaya yana kallo, ya ce, “Oho, Orrin! Kasko na cin alade, mai kasko na shan alli. Duniya ta juye!” Na ce ya je ya duba shanunsa.

Da maɗi ya kusa, na waiga. Ban san me ya sa na waiga ba.

Ɗanmu Elwin ne mai ɗanɗanawa, tun bai fi tsawon bokiti ba har ya fi ni tsawo. Yakan ɗebo da ludayinsa na katako, ya ɗora kan ƙanƙara ya huce, ya kai baki, ya rufe ido ɗaya, ya ce, “Ya yi, Baba. Sauke.” In ya ce ya yi, to ya yi. Harshensa ya fi na kowa a kwarin nan, har masu saye daga gari sun sani.

Ludayin na nan a ƙusa. Ban taɓa shi ba. Na ba Isidore ya ɗanɗana da cokalin ƙarfe, ya ce daɗi kamar Aljanna, amma bakin da taba ta kashe, ko ruwan wanki ka ba shi haka zai ce. Na duba da ido, yadda yake saukowa daga cokali a shimfiɗe, na sauke. Na cika kwalba ɗaya da na farkon, fari tas, na ɗora kan azara.

Madara. Burodi. Ciki: wuta.

Asabar, 22 ga Maris, da azahar

Almira ta aiko Isidore da madara a gwangwani. Ba ta zuwa bukka bana.

Laraba, 26 ga Maris, da la’asar

Na ga ta fita da baƙin mayafinta, ta bi hanyar coci. Kowace Laraba haka ne. Elwin yana ɗakin dutse na ajiye gawa a gefen maƙabarta tun da ya rasu a Janairu, shi da tsohuwa Madam Farr da jaririn gidan Kimball, saboda ƙasa ta daskare, ko da gatari ba ta haƙuwa. Sai ta saki. Almira kan tsaya bakin ƙofar ƙarfen, ta daɗe, ta dawo. Isidore ne ya faɗa mini, ban tambaye shi ba.

Na gwada dokar tebur yau, don kada a ce ban gwada ba. Na shiga, na wanke hannu, na zauna. Ta sauko da faranti uku daga kanta, ta tsaya, ta mayar da ɗaya. Na ji ƙararsa da ya taɓa ɗan’uwansa. Na tauna burodi har muƙamuƙina ya gaji. Agogo na ta bugawa. Ta ce gishiri ya kusa ƙarewa. Na ce to. Wannan ce hira mai daɗin da aka yi.

Na tashi na ce wuta za ta mutu. Ba za ta mutu ba, na cika ta da itace kafin in shigo.

Ciki: kamar an ajiye dutse.

Alhamis, 27 ga Maris, da asuba

Na sha gahawa. Kofi biyu. In likita ya isa, ya zo ya kama ni.

Lahadi, 30 ga Maris, da hantsi

Bokitai sun cika suna zuba. Ubana bai taɓa hura wuta a bukka ranar Lahadi ba, ni ma haka, shekara ashirin da wani abu. In ruwa ya zube ranar Ubangiji, a bar shi ya zube, haka aka koya mana. Yau na hura. Tururi ya miƙe sama, duk mai tafiya coci ya gani. Su gani mana. Wanda ya ji haushi ya zo ya ɗauki bokiti.

Kunun alkama ba gishiri. Ciki: shiru da safe, daga baya ya rama.

Talata, 1 ga Afrilu, da azahar

Likita ya dawo, wannan karon har cikin bukka, yana kore tururi da hula. Ya karanta abin da na rubuta na abinci, na rufe masa sauran da hannu.

“A tsaye. A tsaye. Gahawa. A tsaye. Orrin, wannan littafin doki ne ko na mutum?”

“Doki ai ba ya shan alli.”

“Barci fa?”

“Ina yi.”

“Ina?”

Na nuna masa benci. Ya girgiza kai. Ya ce tunda na ƙi tebur, to in riƙa hawa doki kowace safiya, girgizar sirdi na motsa hanta. In kuma ina da hankali, in tafi bakin teku wata guda in sha iskar gishiri, in bar tunani, don tunani da aiki su ne suke cin ciki. Ya ce a birni yana da ’yan kasuwa da malaman makaranta masu irin ciwona, duk haka yake tura su.

Na ce, “Madalla. Wa zai yi dahuwar? Kai?”

“Isidore.”

Isidore ya leƙo daga ƙofa ya ce, “Ni? Likita, in na taɓa kaskon nan, mutumin nan zai dafa ni a ciki.”

Likita bai yi dariya ba. Ya sake danna wurin nan. Wannan karon ban yi tsalle ba, amma ya ga fuskata. Ya ce fatar cikin ce ta fara cinyewa, in ta huje ba shi da garin da zai toshe ta.

“Ka saurare ni, Orrin, ni na karɓi yaron nan hannu biyu ranar da aka haife shi, ba zan yi maka ƙarya ba. In ka ci gaba a haka, rami biyu Hazen zai haƙa, ba ɗaya ba.”

Hazen shi ne mai kula da maƙabarta. Likita na faɗa, ya kama neman safar hannunsa alhali tana hannunsa. Na ƙara itace. Ya tafi.

Laraba, 2 ga Afrilu, da la’asar

Baƙin mayafi. Hanyar coci.

Madara. Burodi.

Asabar, 5 ga Afrilu, da almuru

Gidan Kimball sun yi taron zuba maɗi a kan ƙanƙara, duk kwarin ya je. Daga nan ina jin goge. Bara a bukkar nan aka yi, Elwin ya ci har ya kasa miƙewa, ’yan matan suna ta tsokanarsa, uwarsa tana cewa, “Baba, ka hana ɗanka, zai fashe!”

Isidore ya kawo mini fanke biyu da kokwamba mai tsami a cikin hularsa. Na ce likita ya hana. Ya ce likita na can yana cin na huɗu. Na ci fanke ɗaya, na ci kokwambar. Ya miƙo dunƙulen maɗin da ya daskare, na ce a’a, ban da wannan.

“Kai, mutumin nan! Ka ci mai, ka ci tsami, ka sha gahawa, sai zaƙi ne haram?”

Na ce doka ce.

Ciki: kada a tambaya. Na kwana a durƙushe.

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Hazen ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge taɓo daga takalmi, ya daɗe yana gogewa. Ya ce ya soka ƙarfe a gefen kudu na maƙabarta ya shiga, ƙasa ta saki. Alhamis za a binne Madam Farr. Ya ce ko ina da ranar da na fi so a sa Elwin.

Na ce ina dahuwa.

Ya ce ya gani, ba gaggawa.

Laraba, 9 ga Afrilu, da azahar

Ruwa ya ragu, maɗi ya fara duhu. Ba laifi, masu saye na son mai duhu don wake. Na huda sababbin bishiyoyi a gefen arewa, inda sanyi ke daɗewa. Ban bi ta gangaren da Elwin ya rasu ba, na zagaya ta bayan dutse ko da ya fi nisa. Ba na bi ta gangaren nan, Isidore ma ya daina tambaya.

Ƙwai ɗaya ruwa-ruwa. Ya zauna rabin yini, sannan ya dawo.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da la’asar

Idin Tashin Matattu. Almira ta tafi coci ita kaɗai. Ta goge mini farar riga ta rataye a bayan kujera, na gan ta da na shiga ɗaukar ashana.

Na dafa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da almuru

Isidore ya ajiye aiki. Ƙanƙarar kogi ta fashe, zai bi masu koro gungume zuwa injin katako, kamar kowace shekara. Ya kwance shanu, ya dawo ya zauna a bencina ba a ce masa zauna ba.

“Orrin, ka ji su jiya?”

“Su wa?”

“Kwaɗi mana! A fadamar Kimball. Sun fara. Ko kurma ya ji.”

“Ban ji ba.”

“Kimball ya cire bututun bishiyoyinsa tun Juma’a, matarsa na wanke bokiti. Kowa ya cire. Ka dubi kan rassa, sun kumbura, toho ya kusa. Ka fi ni sanin abin da ruwa ke zama in bishiya ta yi toho.”

“Gefen arewa da saura.”

Ya cire lofe daga baki, abin da ba ya yi ko a coci. Ya ce shi ma ya sa ’ya’ya biyu a ƙasa, can garinsu, kafin ya ƙetaro. Na ce masa kogi ba zai jira shi ba. Ya tashi, ya dafa kafaɗata, ya yi wata magana da yarensu, ya tafi.

Yanzu ni ne ɗauko ruwa, ni ne wuta. Gwamma haka, ba mai surutu.

Talata, 15 ga Afrilu, da asuba

Dare bai daskare ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da asuba

Bai daskare ba. Ruwan bokiti ya ɗan yi fari-fari, da ƙwari a ciki. Na tace. Tururin na wani irin wari, amma ina jin hancina ne, mura nake.

Tunda Isidore ba ya nan, Almira kan ajiye gwangwanin madara a kan kututturen da ke tsakiyar hanya, ta koma. Nan take tsayawa. Ina ganinta ta tsagar katako.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la’asar

Hazen kuma. An sa Madam Farr, an sa jaririn Kimball. Bai goge takalmi ba yau, ya shigo kai tsaye.

“Shi kaɗai ya rage a ɗakin, Orrin.”

“Na ji.”

“Ɗumi na zuwa. Ɗakin dutse ne, amma ba ya riƙe sanyi har abada. Ka gane abin da nake faɗa, kada ka sa in faɗe shi.”

“In na gama dahuwa.”

Ya shaƙi iska, ya kalli kasko, ya kalle ni. Mutumin kirki ne, bai ce komai a kan warin ba. Ya ce ba zai haƙa ba sai uban yaro ya faɗi rana, haka ake yi, amma in taimake shi.

Ban ci komai ba. Ciki ya fi son haka, ni ma.

Asabar, 19 ga Afrilu, da almuru

Na shiga gida neman gishiri na tarar da ita a ƙofar kicin, kamar ta daɗe tana jira.

“Orrin, ka faɗa mini rana.”

“Ruwa na zuba.”

“Ka faɗa mini rana. Na sayi irin fure tun Maris, ba ni da inda zan shuka shi. Kowa yana da wurin da zai durƙusa, ni sai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ban ce ka yi kuka ba, ban ce ka zauna da ni ba. Rana kawai.”

Tun da aka haifi yaron take ce mini Baba, ni in ce mata Mama, kamar kowane gida a nan. Tun Janairu sai Orrin. Ni kuwa ba na kiranta komai, sai in yi gyaran murya.

Na ce zan duba. Na fito ba gishirin.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan. Muddin akwai wuta a ƙarƙashin kaskon nan, hunturu bai ƙare ba, yaron yana bisa ƙasa, yana can ƙasan hanya inda hayaƙina ke bi. Likita ya ce abin da ciki ya faɗa zan rubuta. To wannan ma daga ciki ya fito.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da azahar

Na dafa. Kumfa na tasowa kamar igiya, fatar alade ba ta kwantar da ita.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Na yi amai a bayan tarin itace. Baƙi ne, kamar dusar gahawa, alhali rabona da gahawa tun Alhamis. Na tura ƙasa na rufe.

Litinin, da la’asar

Jiri. Na zubar da bokiti biyu a hanya. Na zauna a kan kututturen nata har ya wuce.

Talata, 22 ga Afrilu, da almuru

A gado nake rubuta wannan. Bari in faɗa bi da bi.

Da hantsi na sake yi, wannan karon a bakin ƙofar bukka, ban samu kaiwa bayan itace ba. Ina durƙushe sai na ga siket. Ta kawo madara kan kututture, ta hango ni, ta wuce kututturen. Ta tsaya ta kalli abin da ke ƙasa, ta daɗe. Ba ta yi ihu ba. Almira ba ta ihu, ko a Janairu ba ta yi ba.

Ta kama ni ta zaunar a benci, ta goge mini baki da gefen rigarta. Sannan ta juya ta kalli bukkar, karo na farko bana. Ta ga bargona. Ta ga kwalbar nan a kan azara. Ta ga ludayin a ƙusa.

Ta ce, “Wa ke ɗanɗana maka?”

“Ba kowa. Likita ya hana ni zaƙi.”

“Likita ya hana ka gahawa, na ƙirga abin da ya ragu a gwangwani. Ya hana ka alade. Ya ce ka zauna, ya ce ka kwanta. Duk ka karya. Sai wannan ɗaya tak ka riƙe da hannu biyu, kamar daga Dutsen Sina’i ta sauko. Me ya sa?”



Ta miƙa hannu ta sauko da ludayin. Wallahi sai da na ji kamar in ce kada ki taɓa. Ta goge ƙurarsa, ta ɗebo daga kasko. Ba ƙanƙarar da za a ɗora a kai, duk ta narke, sai ta hura da baki. Ta kai baki. Na ga fuskarta ta yamutse, amma ta haɗiye, ba ta tofar ba. Ta sake ɗebowa, ta hura, ta miƙo mini.

“Likita—”

“Buɗe bakinka.”

Na buɗe. Ɗaci, da wani wari kamar tsohon takalmi da aka dafa da ɗanyen ganye. Ko alade ba zai sha ba. Na san haka zai kasance tun ranar da kwaɗin suka fara, don na ji su sarai, har cikin barci nake jin su. Mako guda ina ƙona itace a kan abin da za a zubar.

Ta tsuguna a gabana, ludayin na hannunta, ta ce, “Bai yi ba, Baba. Sauke.”

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dai ji wata irin murya, ashe tawa ce. Na kifa kaina a cinyarta, ni da furfurata, a cikin hayaƙi. Ta bar ni na yi har na gaji. Ita ma ta yi, na ji a ƙeyata.

Ita ta janye itacen wutar da sandar ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, ta jefa cikin taɓo. Ni na zauna ina kallo. Da tururin ya tsaya, sai ka ji kwaɗi kamar za su tsaga fadama.

Na ce, “Asabar.”

Ta ce, “Asabar.”

Laraba, 23 ga Afrilu, da azahar

Likita ya zo. Madara cokali-cokali, da ɗan ruwan alli, ba burodi ma. Kwanciya rigingine. Ya ce in Allah ya so fatar za ta haɗe, in na bar ta. Ya ce zai bar ni in je ranar Asabar a keken dokinsa, a zaune.

Na ce ni zan haƙa.

Ya ce, “Ka ji shi ko, Almira? Mutum yana amai da jini yana neman shebur!”

Ta juyo gare ni ta ce, “Hazen zai haƙa. Kai aikinka ka tsaya kusa da ni.”

Kimball da matarsa suna can suna cire mini bututu. Ina jin ƙarar bokitai ta taga. Ban taɓa kwanciya da rana wani na yi mini aiki ba, hannuwana sun rasa inda za su sa kansu.

Yau Laraba. Ba ta fita ba.

Juma’a, 25 ga Afrilu, da la’asar

Madara. Ta zauna a ciki.

Almira ta sake goge farar rigar.

Asabar, 26 ga Afrilu, da almuru

An yi. Gefen kudu, kusa da ubana. Ƙasar ta yi laushi, baƙa, har da tana a ciki. Isidore ya zo daga kogi da taɓo har ƙugu, ban san wa ya kai masa labari ba, ya ɗauki gefe ɗaya na akwatin gawar. Na tsaya hannu wofi. A duk aikin da na yi bana ba wanda ya kai wannan nauyi.

Ta shuka irin nata kafin mu taho.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da azahar

Madara. Burodin shekaranjiya, an jiƙa. A zaune, a tebur.

Ta sauko da faranti biyu, ba ta tsaya ba. Kujerar Elwin na nan inda take, ba wanda ya ce a ɗauke. Ashe ta je bukka da safe ta ɗauko kwalbar nan ta kan azara, ta farkon dahuwa. Ta buɗe, ta ɗiga a ludayin Elwin, ta ɗanɗana. Ta rufe ido ɗaya. Ban san ko da gangan ta yi ba.

Na ce, “Yaya, Mama?”

Ta ce, “Da yana nan, da ya ce ka ɗan bar shi ya wuce.”

Na ce ƙarya ne, maɗin nan ba shi da aibu, da ido na auna shi. Ta ce shi ya sa. Muka yi ta musu. Daga nan ta tuna mini shekarar da ya faɗa ganga da ka, yana ɗan shekara huɗu, aka zaro shi ta ƙafa yana lasar baki. Na ce ba huɗu ba ne, biyar. Ta ce ita ta haife shi ko ni? Da na ɗaga kai, agogo ya wuce awa guda da nisa, madarata ta huce, ban ma gama burodin ba.

Ciki bai ce komai ba. Mu ne muka yi maganar.